Ranar da Odella ta yi addu'a a hana ta bashi

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu ta gabashin birnin Macon cikin shekara ashirin da biyun nan, ya ci abinci daga hannun Odella Mabry. Ita ce babbar mai girki a kicin ɗin makarantar. Gajeriya ce, kakkaura, tana rataye da tabarau mai igiya a wuya, kuma idan ta ɗaga ludayi ta kalle ka, ko kai ne shugaban makaranta sai ka gyara tsayuwa. Yara suna ce mata Mis Della. Ta san wanda ya fito gida bai karya ba, ta san wanda yake marairaicewa don a ƙara masa. Duka biyun ƙara musu take yi, sai dai na biyun zai haɗa da harara.

A wani ƙauye kudu da nan aka haife ta, cikin gonakin gyaɗa, ita ce ta huɗu a cikin bakwai. Karatunta bai wuce sakandare ba, ba don kai babu ba, aljihun ubanta ne ya gaza. Ta shigo birni tana da shekara goma sha tara. Ta yi wanke-wanke a gidan abinci, ta yi guga a otal, har ta haɗu da Harlan Mabry, wani makanike mai yawan dariya wanda farcensa bai taɓa yin fari ba. Shekara tara suka yi ba haihuwa, sannan Allah ya ba su Nadine, daga ita kuma bai ƙara ba.

Bayan burodin masarar da take gasawa, abin da aka fi sanin Odella da shi ambulan ne. Tana da gwangwanin biskit a saman firji, cike da ambulan, kowanne da sunansa a jiki: haya, wuta, ruwa, cefane, baikon coci. Ranar albashi sai ta je banki ta kwaso kuɗinta kaf, ta zauna a teburin kicin ta rarraba. Ba ta riƙe katin bashi, ba ta sayen komai a biya kaɗan-kaɗan. Idan zancen ya taso a cikin mata, sai ta ɗaga hanci ta ce, "Ni ba na cin abin da ban biya ba." Fasto ma ya taɓa kawo ta misali a wa'azi. Tana zaune a layi na uku tana fifita, kamar ba da ita ake ba, amma duk mun ga yadda ta gyara zaman hularta.

Gaskiyar maganar kuwa, ba ƙin bashi take yi ba. Ba mai ba ta ne.

Shekara huɗu kafin wannan labari ciwon ƙoda ya kwantar da Harlan. Wata goma sha ɗaya ya yi yana jinya, inshorar garejin da yake aiki kuwa ba ta kai ta kawo ba. Takardun asibiti suka riƙa zuwa, wata na korar wata. Odella ta cika kati biyu da bashi, ta daina biyan bashin motar Harlan don kada haya ta kuɓuce. Harlan ya rasu a watan Maris. A farkon Mayu, wata Talata da rana tsaka, Nadine tana makaranta, masu bin bashi suka zo da motar jan motoci suka ɗauke motar daga ƙofar gida. Da yarinyar ta dawo, uwar ta ce mata sayarwa ta yi, don ganin motar yana tuna mata da marigayi.

Daga nan makinta a wajen bankuna ya faɗi warwas, makin nan da sai an duba shi kafin a ba ka haya ko waya ko katifa. Sau ɗaya ta gwada, a wani shagon kayan ɗaki, tana son ta sake wa Nadine gado. Mai shagon ya kalli kwamfuta, ya ce da ƙarfi, "Ayya Madam, sun ƙi," ga mutane jere a bayanta suna ji. Ta fice daga shagon. A bakin titin nan ta ɗaukar wa kanta alkawari ba za ta sake miƙa sunanta a dawo mata da shi ba. Asibiti kuwa ta ci gaba da aika musu dala arba'in duk wata, a ɓoye, daga wani ambulan marar suna. Mutum ɗaya ce ta san duk wannan, ƙanwarta Earline mai gyaran gashi, wadda nata makin ya fi na Odella lalacewa kuma ko a jikinta.

To sai ga Nadine ta gama sakandare, ta zo ta biyu a ajinsu, jami'ar jiha ta ɗauke ta karatun injiniya. Tun tana ƙarama take bin ubanta gareji tana miƙa masa sifana, amma ita gada take son ginawa. An ba ta tallafin jami'a, an ba ta na gwamnati, an ba ta bashin ɗalibai iyakar abin da ake ba ɗan shekarar farko. Da aka haɗa aka cire, saura dala dubu uku da ɗari takwas. Takardar ta ce a biya, ko a nuna hanyar biya, kafin ɗaya ga Agusta, in ba haka ba a ba wani gurbin. A ƙasa kuma an rubuta cewa iyaye suna iya neman bashin gwamnati da sunansu su cike giɓin.

Nadine ta ajiye takardar kusa da kwanon da uwar take gyaran wake. Ta ce, "Mama, ga shi nan sun rubuta. Ki cika kawai, ko minti ashirin ba zai ci ba."

"Bashi? A gidan nan? Kin taɓa ganin na ci bashi?"

"Ki dai gwada, Mama."

"Ba na gwada irin wannan."

"To da me za mu biya?"

"Da hannun nan. Jeki ki kwashe shanya, hadari ya taso."

Makaranta tana hutu, kicin a rufe. Odella ta kafa kasko a bayan gida, duk Juma'a da Asabar: soyayyar tarwaɗa, da kabeji, da burodin masara, faranti dala goma. Wanda ya san zafin Yuli a garin nan ya san tsayuwa gaban tafasasshen mai da rana ba wasa ba ne. Ta tsaya. Mai ya fallatsar mata a hannu, ta shafa man shanu ta ci gaba. Earline kuwa ta mai da shagonta wurin karɓar oda. Mace tana zaune gashinta rabi a tsefe, ba halin gudu, sai ta ji an ce, "Faranti nawa zan rubuta miki?"

Mako shida aka yi a haka. Ranar ashirin ga Yuli Odella ta zazzage ambulan ɗin da ta rubuta wa "makaranta", ta ƙirga, dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Ta sake ƙirgawa, ta sake, kuɗi dai bai haihu ba. Tana cikin haka ta jiyo Nadine a baranda tana waya ƙasa-ƙasa da manajan kantin da take aikin hutu. Tambayarsa take ko zai ɗauke ta aiki sosai daga watan Agusta, wai ƙila ta ɗaga karatun zuwa baɗi. Odella ta san wannan "baɗi". Ita ma da shi aka sallame ta tana da shekara goma sha takwas, har yau bai zo ba.

Washegari ta sa rigar zuwa coci, ta ce wa Nadine za su je dubiya, ta shiga motar Earline. Tafiyar awa uku ce zuwa jami'ar, kuma na'urar sanyin motar ta mutu tun bara.

Mutumin da suka tarar a ofishin tallafin ɗalibai sunansa Mista Dobbs, dogon dattijo siriri, yana da kwanon alewa a kan tebur. Odella ta ƙi alewar, Earline ta ɗebi uku. Odella ta ajiye ambulan a gabansa, ta ce ga dubu ɗaya da ɗari, tana roƙon a ɗaga mata ragowar zuwa Disamba.

Ya ce, "Da ina da iko da na yi, Madam Mabry. Akwai yara a layi suna jiran gurbin nan. Kin nemi bashin iyaye?"

Ta gyara zama. "Ni ba na cin abin da ban biya ba."

Mista Dobbs ya dubi ambulan ɗin. Gefensa ya yi ɗigon mai, ofishin ma ya fara ƙamshin kifi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a hankali, "Shekara ashirin da shida ina kan kujerar nan. Iyaye iri biyu ne suke ce mini ba sa neman bashin nan, masu kuɗi da masu tsoron amsa. Masu kuɗi kuma ban taɓa ganin sun zo da ambulan ba."

Earline ta ƙware da alewa. Odella ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kai hannu za ta ɗauki jaka, ya ce, "Ki saurare ni tukuna. Idan kika nema aka ba ki, bashin yana wuyanki, kuma ruwansa ya fi tsada. Idan kuwa aka hana ki saboda abin da ya faru a baya, ƙa'ida ta ba mu dama mu ƙara wa yarinyar nata bashin da dala dubu huɗu. Ya rufe giɓin har da saura. Ni takardar ƙin nan nake buƙata."

"Wato in nema don a hana ni?"

"Haka nake nufi."

Earline ta tafa hannu. "Yaya, ashe mu ma muna da ranarmu! Kai, da ina da 'ya, da makin nan nawa sai ta yi digiri uku."

"Rufe mini baki, Earline." Odella ta juyo gare shi, muryarta ta yi ƙasa. "Nadine za ta sani?"

"Ita za ta sa hannu a kan ƙarin. Dole ta ga dalili."

Odella ta ɗauki ambulan ɗinta, ta yi masa godiya kamar yadda aka koya mata a gida, ta fita.

Sun yi tafiyar kusan awa guda ba mai magana, abin da Earline ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Daga baya ta kasa daurewa. Ta ce, "To Mis Ba-na-cin-bashi, me kika yanke?"

"Zan ƙara Alhamis a kan kifin."

"Kwana goma ya rage! Ko kifin kogin nan duka kika soya ba zai kai ba. Ke yanzu kin fi son yarinyar nan ta tsufa tana jera gwangwani a kanti, da ta san uwarta mutum ce kamar kowa?"

"Ba za ki gane ba. Ta rasa uba tana da shekara goma sha huɗu. Abin da ya rage mata shi ne tana da uwar da ba ta faɗuwa. In zauna in ce mata ƙarya nake yi duk shekarun nan? In ce mata motar ubanta janye ta aka yi kamar ta ɓarawo?"

"Sai ki ce mata mana. Ni kullum ina faɗuwa, kuma ga ni, har ƙiba nake yi."

Odella ta juya fuska wajen taga. Kunya take ji, wannan gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi kunyar ci mata rai. Ƙarin bashin da sunan Nadine za a rubuta shi. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas za ta fara rayuwa da kaya a ka, don uwarta ta ɓata nata sunan. Ta yi kuka kaɗan, ba sauti. Earline ta ga hawayen, ta ƙara ƙarar rediyo.

Kwana shida Odella ta yi tana juya maganar. Ta soya kifin Juma'a, ta soya na Asabar, aka samu ɗari da casa'in. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, suka ci kaza da shinkafa su uku, Earline ta shiga wanke kwanuka da kunnenta a buɗe. Odella ta share teburin tas, ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kai.

"Nadine, ɗauko kwamfutarki. Za mu cika takardar nan. Amma zauna tukuna, akwai maganar da zan gaya miki." Ta dube ta ido da ido. "Motar babanki ba sayarwa na yi ba."

"Na sani, Mama."

"Kin san me?"

"Na san janye ta aka yi. Na san katunan biyu. Na san na asibiti."

Odella ta waiga wajen ƙanwarta. Earline ta ɗaga hannu duk kumfa. "Kada ki kalle ni. Na rantse ban taɓa buɗe baki ba."

"Ba Anti ba ce," in ji Nadine. "Mama, wa kike tsammani yake ɗaukar wayar gida daga ƙarfe uku zuwa biyar, kafin ki dawo? Shekara biyu suka yi suna kira. Har na gane su da murya. Akwai wani ma kullum da mura yake."

Odella ta juyo ta dubi 'yarta. Ta tuna yadda take dawowa daga aiki ta tarar da yarinyar a kan teburin nan tana lissafi, wayar tana gefenta, ta ɗauka ƙawaye take jira. Da ƙyar ta ce, "Me kike ce musu?"

"Ina ce musu Mis Mabry tana wajen aiki, kuma za ta biya, don ita ba ta cin abin da ba ta biya ba."

Earline ta kashe famfo.

Odella ta ce, "To in kin san za su hana ni, don me kika ce in cika?"

"Don su hana ki ɗin. Tun watan Afrilu malamarmu ta gaya mana ƙa'idar nan a aji. Ban dai san da wane baki zan ce miki haka ba. Na ga gara in haƙura da karatun bana da in sa ki kunya."

Wato wata uku uwa da 'ya suka yi a gida ɗaya, kowace tana riƙe da ƙarshen igiya ɗaya, kowace tana tsoron ja don kada ɗayar ta faɗi. Ga mako bakwai na hayaƙi da ƙunar mai a tsakani. Odella ta ji haushin kanta, ta ji tausayin yarinyar, ta kuma ji wani alfahari da bai yi kama da na ranar wa'azin fasto ba. Ta sa tabarau ta ce, "Buɗe. Ina ake rubuta suna?"

Da yatsa ɗaya ta cika, harafi bayan harafi, ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata. Da suka zo wurin da za a danna a duba tarihinta, sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "Tsaya. In kuma suka ba ni fa? Shekara uku ina aika wa asibiti dala arba'in, ban taɓa fashi ba."

"Dala arba'in?" Earline ta goge hannu a siket, ta kama hannun kowace. "Ku rufe ido. Ya Ubangiji, ka san baiwarka Odella, ka san taurin kanta. Yau dai muna roƙonka ka rufe idon mutanen nan daga alherinta, ka buɗe shi a kan motar nan. Ka sa su ƙi ta ƙi mai kyau."

"Amin," in ji Odella, da dukan zuciyarta, ta danna.

Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a fuskar kwamfutar. Daga nan rubutu ya fito, cikin ladabi irin nasu, cewa suna baƙin cikin sanar da ita ba a amince ba.

Earline ta yi ihun da sai da karen maƙwabta ya amsa. Nadine ta rungume uwarta ta baya. Odella ta karanta rubutun sau biyu, ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ba ta kuma juya fuska wajen taga ba. Ran Litinin da safe Nadine ta kira Mista Dobbs. Ran Laraba ta sa hannu, kwana biyu kafin wa'adi. Earline ta buga takardar ƙin a shagonta, Odella ta manna ta a ƙofar firji, a jere da sakamakon jarrabawar Nadine, inda duk mai zuwa sayen kifi ta ƙofar baya zai gani. Matan coci sun gani kuwa, sun yi magana, ta bar su suka yi har suka gaji.

Ana jibi tafiya jami'a, Nadine tana ninke kaya a falo, ta ga uwar ta sauko da gwangwanin biskit. Odella ta sayi bargo da takalmin sanyi da littafi biyu daga kuɗin kifin, saura yana nan. Ta ɗauki biro ta soke "makaranta" a jikin ambulan ɗin, ta rubuta "sunan Nadine".

"Mama, mene ne wannan kuma? Ai bashin nawa ne. Sai na gama ma za a fara biya."

"Ruwansa ba ya jiran ki gama. Na tambayi Mista Dobbs."

"To ki huta mana. Dubi hannunki."

Odella ta dubi hannun, duk tabon mai. Ta mayar da ambulan cikin gwangwani ta danne murfin. Ta ce, "Shekara biyu kina ɗaukar wayata. Muddin ina iya ɗaga kasko, ba mai kiran taki."

Nadine tana shekara ta uku a jami'a yanzu. Duk bazara uwar tana zama ta cika takardar nan da yatsa ɗaya, a sake hana ta. Kaskon kuma yana nan a bayan gida, Juma'a da Asabar, ko ana ruwa. Faranti ya koma dala goma sha ɗaya, kuma ba ta bayarwa bashi.